Ban Ruwan Baba Sifana

Duk wanda ya yi aiki a garejin bas-bas na cikin birni a wancan zamanin ya san Baba Sifana. Direba ne, gajere kakkaura, mai faɗin kafaɗa, kuma sunan ya bi shi ne saboda wata sifana da ba ta rabuwa da aljihun wandonsa. Abin alfaharinsa a duniya guda ne: tun da ya kama sitiyari bai taɓa zubar da fasinja a hanya ba. In mota ta yi tari ta tsaya, sai ya sauko ya ɗaga murfin inji, ya kasa kunne, ya ɗaure nan da waya, ya naɗe can da robar tsohon tub, ya cika lagireto da ruwa, ya koma ya murza makulli. Kanikawan gareji sun sha rantsuwa cewa in ya dawo da mota, sai sun yini suna kwance ɗaure-ɗaurensa kafin su ga ainihin ciwon. A lokacin yana ɗaukar maganar hassada ce kawai. Yanzu kuwa in yana ba da labari, cewa yake, "Bayin Allah gaskiya suke faɗa. Ni ne kunnena ya toshe da ƙarar inji."

Gida a wurinsa masauki ne. Ya fita gari bai gama wayewa ba, ya dawo a gajiye, ya ci abin da aka ajiye masa, ya miƙe. Hajiya, matarsa, ita ta raini yara har suka kama gabansu, ita ce kuma ta raini filin bayan gida. Lokacin da suka tare, wurin fako ne mai tauri, cike da ɓaraguzan bulo. Da fartanya da bokiti ta bi shi shekara da shekaru har ya zama lambu: fangalin tumatir da tattasai, layin albasa, alayyahu, na'ana'a a gindin famfo, gwaiba a kusurwa, sai bishiyar lemon tsami a jikin katanga, wadda ta dasa shekarar da ta haifi autarsu. Baba Sifana ya san akwai wani kore-kore a bayan gida, iyakar saninsa ke nan. "Ni a zatona," in ji shi, "alayyahu a cikin tukunya yake tsirowa."

Da ya yi ritaya, sai ya waiwayo ya ga ashe gidan nan cike yake da abubuwan da ke jiran gyara. Ya fara da fankar falo mai ɗan ƙara. Ƙarar ta tafi, fankar ma ta bi ta. Ya kankare ƙofar banɗaki don tana cijewa, ya kankare ta sosai, har ya zama wanda ke ciki yana iya gane mai wucewa da takalminsa. Hajiya ta raɗa masa suna Injiniya, shi kuma bai ji zolayar da ke ciki ba, ya karɓa da hannu biyu.

Ana haka sai danshi ya bayyana a bangon kicin, ta ƙasa, fenti yana kumbura yana ɓarewa. A daidai lokacin ne kuma babbar 'yarsu ta kwanta asibiti aka yi mata aiki, Hajiya ta haɗa kaya za ta je jinya a can garin da take aure. Tana bakin ƙofa da jaka a hannu ta juyo.

"Malam, abu biyu na bar maka. Ka riƙa ba lambu ruwa safe da yamma. Bangon nan kuma ka kira mai gyaran famfo ya duba."

"An gama, Hajiya."

"Cewa na yi ka kira shi. Ban ce ka zama shi ba."

Ya yi dariya, ya raka ta har bakin titi. Yana dawowa ya tsaya gaban bangon, hannu a baya, yana nazari. Tankin ruwa yana can ƙarshen fili a kan ƙarfe, kicin yana nan. To ruwa ta ina yake zuwa? Ta ƙarƙashin ƙasa. Ke nan bututu ne ya tsage a wani wuri tsakanin tanki da kicin, ruwa yana bin ƙasa yana hawa bango. Mutumin da ke gane ciwon inji da kunne, don wannan ɗan abu zai kira wani? Ya riga ya hango fuskar Hajiya ranar da za ta dawo ta tarar da bango a bushe.

Abin da ke tsakanin tanki da kicin kuwa, lambu ne.

Ya ari diga da shebur a wurin maƙwabcinsa Tela, wani dogo siriri mai sanyin magana, wanda ke ɗinki a tsakar gidansa, bayan katangar da ta raba su. Tela ya tambaye shi me zai haƙa, ya ce ɗan bincike ne. Ya fara daga gindin kicin, ya nufi tanki a miƙe, kamar yadda duk mai hankali zai shimfiɗa bututu. Tumatirin da ya tare masa hanya sai ya cire shi da saiwarsa, ya jera a inuwa, yana ce masa, "Ku ɗan sauka, yanzu za mu ci gaba da tafiya." Ya ratsa fangalin tumatir, babu bututu. Ya karkata ta cikin albasa, babu. Ashe wanda ya shimfiɗa bututun ba mai son miƙaƙƙiyar hanya ba ne. Kafin ya ankara, rami ya yi kwana-kwana a cikin lambu ya dangana da gindin katanga, shi kuma gumi ya jiƙe shi sharkaf, bayansa yana kuka.

A can, kusa da lemon tsami, ya ɗaga diga ya sauke da ragowar ƙarfinsa, sai ya ji ƙas! Ruwa ya yi tsiri sama ya wanke masa fuska.

"Alhamdu lillahi," ya ce, yana share ido. "Ai ga inda yake yoyo."

Sai da ya ɗan tsaya kafin tunani ya zo masa cewa kafin saukar digar, wurin a bushe yake ƙurmus.

Ya ruga gindin tanki zai rufe ruwa, makunnin ya yi tsatsa ya ƙi juyawa. Ya zaro sifana ya kama shi, ya danna da dukkan nauyinsa. Makunnin ya juya kam, amma a hannunsa ya ƙarasa juyawa, don kan ya ɓalle gaba ɗaya. To, direba ba ya rasa dabara. Ya shiga sito ya yanko robar tub, ya durƙusa cikin taɓo, ya naɗe bututun tam, ya ƙulle. Ruwa ya tsaya. Ya miƙe yana kallon aikinsa da irin gamsuwar da ya daɗe bai ji ba, ya shiga ya yi wanka, ya ci abinci, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin rana ta yi sanyi.

Ƙarar da ta tashe shi, ya ɗauka babbar mota ce ta kife a titi. Ya fito ba takalmi. Robar ta daɗe da sakewa, tanki ya juye cikinsa kaf a cikin ramin, ramin kuma ya kai ruwan daidai inda ya haƙe gindin katanga. Katangar ta jiƙa ta gaji, ta kwanta a kan lemon tsami da rabin lambun. Da ƙura ta lafa, sai ga Tela zaune a kan kekensa na ɗinki, abin awo a wuya, ƙafarsa a tsaye kan feda, suna kallon juna babu shamaki.

Tela ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Maƙwabci," ya ce, "in ganina kake son yi, ai ƙofa tana nan."

Baba Sifana ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana faɗin, "Sannu da aiki."

Da yamma, bayan sun gama kwashe yadin mutanen da Tela ke wa ɗinki daga cikin ƙura, ya shiga kicin zai wanke hannu da ruwan bokiti. Sabulu ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ya durƙusa zai ɗauko, sai ya ga ɗan bututun da ke fitar da ruwan wanke-wanke, noti ɗaya ya saki, ga alamar inda ruwa ke bin bango yana gangarawa. Ya daɗe a durƙushe yana kallon notin. Sannan ya zaro sifana ya ɗan murɗa shi, ya zauna daram. Aikin ke nan gaba ɗaya. "Rana ɗaya tak da gidan nan ya buƙaci sifanata," in ji shi, "ni kuma na je na aro diga."

Mai gyaran famfo ya zo ya sauya bututu da makunni, sannan ya roƙi a bar masa robar ya tafi da ita ya nuna wa abokan aikinsa. Sai magina. Baba Sifana yana son a gama kafin Hajiya ta dawo, don haka duk abin da suka ce sai ya ce to. Suka sauke yashi a kan alayyahu. Suka kwaɓa siminti a tsakiyar fili, inda albasa take. Kullum in sun tashi, a gindin gwaiba suke wanke shebur da kwanon siminti. Ranar da suka yi wa sabuwar katanga filasta, ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya ya wanke ta, filastar ta bi ƙasa ta malale a kan abin da ya rage. Aka sake. Tumatirin da ya sauke a inuwa yana jiran a ci gaba da tafiya kuwa, tuni ya bushe ya zama tsinke.

Hajiya takan kira a waya.

"Malam, kana ba su ruwa kuwa?"

"Hajiya, in dai ruwa ne kada ki damu. Tun da aka kafa lambun nan bai taɓa shan ruwa irin na wannan karon ba."

"To madalla. Lemona fa?"

"Yana nan. Ya samu inuwa sosai."

Ƙarya dai bai yi ba, amma in ya ajiye wayar sai ya ji abinci ya fita ransa.

Ta dawo da hantsi, 'yar ta samu sauƙi. Ya karɓi jaka, ya nuna mata bangon kicin ya bushe, ya so ya ja ta da hirar hanya. Ita kuwa ko mayafi ba ta cire ba ta nufi ƙofar baya. Ya bi ta, yana shirya kansa don faɗa. Har ya tanadi amsoshi. Ta tsaya a bakin ƙofa. Fili fari fat da busasshen siminti, ga sawun takalman magina, ga sabuwar katanga tana sheƙi, ga gwaiba ta zubar da ganye. Ta taka a hankali har gindin lemon, wanda ya zama kututture mai tsagaggen reshe ɗaya. Ta dafa shi, ta ɗan jima. Shi kuma daga baya ya fara zuba bayani, tun daga danshi har noti, bai rage komai ba.

Da ya gama, ta juyo ta dube shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ka ci abinci?" ta ce.

Abin da ta faɗa ke nan. Ta shiga ta ɗora tukunya. Daga ranar ta rufe ƙofar baya, shanya ma ta mayar da ita gaban gida. Ya fi son ta zage shi. Wata rana ya raka ta kasuwa, ya tsaya riƙe da kwando yana kallonta tana juya tumatir a faifan mai kayan miya, tana latsawa, tana ajiyewa, tana neman wanda bai yi laushi ba. Matar da maƙwabta ke aiko wa a ɗan tsinko musu na'ana'a. A nan ne, in ji shi, ya gane abin da ya rushe ba katanga ba ce.

Washegari ya koma wurin Tela aron diga. Tela ya riƙe ƙotar bai saki ba.

"Wane bangon ne yau?"

"Ƙasa zan fasa, wallahi. Ƙasa kawai."

Ya bi simintin nan yana fasawa, yana lodawa a baro, yana turawa waje. Hannun da ya saba da sitiyari ya yi bororo ya fashe, ya sake yi. Da ya kai ga ƙasa ta gaske, ya samo baƙar ƙasa daga bakin rafi ya zuba. Ya ji ana cewa shuka tana son taki, sai ya je gidan kaji ya cika buhuna da ɗanyen kashin kaji, ya zuba babu ƙwauro, don shi a saninsa tanki in ya cika mota ta fi tafiya. Unguwa ta ɗauki wari, Tela ya koma ɗinki a cikin ɗaki. Dashen tumatirin da ya sayo ya ƙone ƙurmus kamar an zuba masa tafasasshen ruwa.

Ya sake shuka, wannan karon da iri. Matsalarsa ita ce jira. Inji in ka gyara shi, nan take yake amsa maka. Ƙasa kuwa sai ta yi shiru ta ƙyale ka. In ya ga shirun ya yi yawa sai ya sa yatsa ya tono irin ya duba ko yana aiki, ya mayar. Daga ƙarshe wani abu ya tsiro a gefen fangali, kore shar, mai saurin girma. Ya kafa masa sanda, ya kewaye shi da duwatsu, yana ba shi ruwa kafin shi kansa ya sha shayi.

Duk wannan Hajiya tana gani ta tagar kicin, tana wanke kwano ɗaya har ya kusa hujewa. Ranar da haƙurinta ya ƙare ita ce ranar da ya ɗauko gatari ya nufi kututturen lemon, wai zai cire ya dasa mata sabo. Ya ɗaga ke nan ya ji ƙofar baya ta bugu da bango.

"Malam! Ajiye gatarin nan!"

Ta iso ba ko takalmi, ta ture shi gefe, ta sa farce ta ɗan kankare ɓawon. Ƙarƙashinsa kore ne, da danshinsa.

"Da ransa. Katanga ba ta kashe shi ba, kai za ka ƙarasa shi?" Ta juya ta nuna abin da ya kafa wa sanda. "Wannan kuma mene ne?"

"Ina jin tattasai ne."

"Ciyawa ce. Ko akuya sai ta rasa abin ci take taɓa ta."

"Amma dai ta yi kyau," ya ce a hankali.

Ta dube shi, ta dubi ciyawar da duwatsun da aka jera mata kamar kabarin wani babba, sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta zauna a bakin baro tana share hawaye, kuma shi bai tabbata duka hawayen na dariya ba ne. Da ta nutsu ta ce, "Kawo fartanya. Daga yau ni ce direba, kai ne yaron mota. Abin da na ce ka ɗauka shi za ka ɗauka, inda na ce ka tsaya nan za ka tsaya."

Haka aka yi. Ta sa shi ya kwashe takin ya tara a kusurwa, ya rufe da busasshen ganye har ya ruɓe ya huce. Ta sa shi ya tone gindin gwaiba ya fitar da ƙasar da ruwan siminti ya ci, amma gwaiba ta riga ta tafi, suka sare ta. Ta yanke tsagaggen reshen lemon da zarto, ta shafe wurin. Ta koya masa ban ruwa a gindi ba a ka ba, da sassafe ko in rana ta yi sanyi. In ta ga yatsansa ya nufi ƙasa sai ta ce, "Injiniya, rufe murfin injin nan." Na'ana'a ce ta fara dawowa, ita kaɗai, ta wata tsaga a gindin famfo, ba wanda ya shuka ta. Sai albasa, sai tumatir. Lemon ya fitar da tofo jajaye-jajaye a jikin kututturen, ko da yake Hajiya ta ce kafin ya sake 'ya'ya sai an yi haƙuri mai tsawo. Lambun bai koma yadda yake ba. Ya fi na da ƙanƙanta, kuma har yau in an yi noma sai fartanya ta ci karo da guntun siminti.

Da damina ta kewayo, Hajiya ta ja layi da ƙafa a kusurwar da gwaiba take a da.

"Nan naka ne. Ka shuka abin da ka ga dama, ban da diga."

Ya zaɓi kabewa, don an ce masa ba ta da wuyar sha'ani. Ai kuwa ta yi. Ta yaɗu, ganye faffaɗa kamar faranti, ta kama sabuwar katanga ta haye. Ya riƙa kiran tsofaffin abokan aikinsa su zo su gani. Fure ya fito rawaya, ya zube, Baba Sifana yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya yana leƙe, ko ɗa guda babu. Ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, ya yi mata magana mai daɗi, ya yi mata gori. Ganye dai sai ƙaruwa yake.

Wata yamma yana zaune a ƙofar gida sai ga Tela ya fito, rungume da wata ƙatuwar kabewa da ƙyar yake ganin gabansa. Ya dire ta a gaban Baba Sifana yana haki.

"Maƙwabci, ga wannan a kai wa Hajiya. Bana Allah ya yi mana arzikin kabewa, ta katanga ta sauko mana, har mun rasa inda za mu sa. Na ce ba zan ci ni kaɗai ba, ku da kuke ta wahalar lambu."

Baba Sifana ya dubi kabewar, ya dubi Tela, wanda fuskarsa ko gezau. Ya miƙe ya karɓa da hannu biyu.

"Allah ya saka da alheri," ya ce. "Allah ya ƙara wa gonarka albarka."

Ya sungume ta ya shiga ciki yana kiran Hajiya ta zo ta ga abin da maƙwabta suka aiko.